Ƙwayar shaida a jikin kare da kyanwa: yadda ake dasa ta da yadda ake auna zafin jiki da ita

Da likitan dabbobi ya ɗora min ita a tafin hannu, na ɗauka ƙwayar shinkafa 'yar gwamnati ce. Tsawonta bai wuce milimita 12 ba, kaurinta kamar milimita 2, an rufe ta ruf da gilashi. Sai da na ɗaga ta ga haske na hango wata siririyar wayar tagulla a nannaɗe a ciki. Wannan ita ce abin da likitoci ke kira maikurocif, ni kuwa a nan zan riƙa kiran ta ƙwayar shaida, domin aikinta ke nan. Ana sa ta a ƙarƙashin fatar kare ko kyanwa ko doki, ta zauna a can har ƙarshen rayuwar dabbar, tana ɗauke da lambar da babu wata dabba a duniya da ya kamata ta kasance da irin ta. Akwai kuma sabon samfuri da ke haɗa lambar da zafin jikin dabbar a karatu ɗaya.

Na sa wa karena na gadi irin mai auna zafin, na kuma ga yadda ƙanwata ta sha wahala a kan ta kyanwarta. Abin da na fahimta daga duka biyun shi ne, dasawar ita ce mafi sauƙi a cikin aikin. Abin da ake yi kafin ta da bayan ta shi ne ke sa kuɗinka ya yi amfani ko ya tafi a banza.

Ka fara sanin abin da za ka saya

Ƙwayar ba ta da batir, ba ta kuma aika saƙo ko'ina da kanta. Tana kwance shiru har sai an kawo na'urar karantawa, wato sikana, kusa da ita. Sikanar tana fitar da igiyar rediyo, wayar tagullar nan ta kama ta, ta samu ɗan ƙarfin da zai ishe ta mayar da lambar, sai lambar ta bayyana a fuskar sikanar. Dole a kusanto sosai, 'yan santimita kaɗan daga fata. Saboda haka duk wanda ya ce maka za ka zauna a ɗaki kana kallon inda karenka yake a wayarka ta hanyar wannan ƙwaya, ko dai bai san ta ba ko yana son cin kuɗinka. Na'urar GPS daban take, a wuya ake rataya ta, tana cin batir, kuma ɓarawo yana cire ta cikin daƙiƙa biyu. Ƙwayar shaida ba ta nemo dabba. Idan an samu dabbar ne take faɗin ta wane ce.

A cikin ƙwayar ma babu sunanka, babu lambar wayarka. Lamba ce zalla. Sunanka yana can a rumbun bayanan da aka yi wa lambar rajista, idan an yi.

A Ingila da Sikotilan da Wales, doka ta wajabta sa wa kowane kare tun ranar 6 ga Afrilun 2016, kafin ya wuce mako 8 da haihuwa. Daga 10 ga Yunin 2024 aka haɗa da kyanwa a Ingila, kafin ta kai mako 20, kuma wanda ya ƙi bayan an ba shi wa'adin kwana 21 zai iya biyan tara har fam 500. A can tsarin yana aiki ne domin duk dabbar da aka tsinta, gidan ajiyar dabbobi ko asibiti ake kai ta, abu na farko kuma a goga mata sikana. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2009, wanda ya duba dabbobi sama da 7,700 a gidajen ajiya 53, ya nuna cewa karnuka masu ƙwaya sun koma ga masu su da kashi 52 cikin ɗari, marasa ita kuwa kashi 22 kacal. A kyanwoyi tazarar ta fi yawa: kashi 38 da ɗoriya ga masu ƙwaya, ƙasa da kashi 2 ga marasa ita.

A garuruwanmu kuwa, wanda ya tsinci kare a titi ba asibiti zai nufa da shi ba, kuma ba kowane asibitin dabbobi ke da sikana ba. Don haka kada ka yaudari kanka da alƙaluman Amurka. A wurinmu amfaninta uku ne da na tabbatar: hujja ce idan aka sace maka dabba ka gan ta a hannun wani, sharaɗi ce idan za ka fita da dabba ƙasar waje, sannan idan mai auna zafi ce, hanya ce ta gane zazzaɓi da wuri. Idan ɗaya daga cikin ukun nan ya shafe ka, ci gaba.

Mataki na farko: zaɓen ƙwayar

Ka nemi wadda ta dace da ma'aunin duniya na ISO 11784 da 11785. Irin wannan tana aiki a kan mita 134.2 kHz, lambarta kuma guda 15 ce, duk alƙaluma, babu harafi ko ɗaya. A jikin takardar za ka ga an rubuta FDX-B. Ukun farko na lambar suna nuna ko dai ƙasa ko kamfanin da ya ƙera. Faransa, alal misali, tana amfani da 250, lambobin kamfanoni kuma suna farawa daga 900 zuwa sama. Idan ka ga wadda ta fara da 999, ta gwaji ce, ba a sa wa dabba ita.

Dalilin wannan tsanani shi ne, a Amurka an daɗe ana amfani da wasu tsofaffin ƙwayoyi masu 125 ko 128 kHz, lambobinsu guda 9 ko 10, kuma sikana da yawa a wajen Amurka ba sa ganin su. Irin waɗannan kan faɗo kasuwa da araha. Haka kuma ka yi hattara da waɗanda ake sayarwa a intanet buhu-buhu babu sunan kamfani, domin ba ka da tabbacin ba a maimaita lambar a jikin wata dabba ba. Kowace ƙwaya ta kirki tana zuwa ne a cikin allurarta, a rufe cikin leda da ba a taɓa buɗewa ba, da ranar ƙarewar tsaftarta a jiki, tare da 'yan sitika masu ɗauke da lambar. Ga 'yan kyanwa da ƙananan karnuka akwai ƙarama mai tsawon kusan milimita 8, allurarta ta fi siriri.

Idan mai auna zafi kake so, sunayen da za ka ji su ne Bio-Thermo, Thermochip da TempScan. Duk suna bin ma'aunin ISO, wato kowace sikana ta ISO za ta karanta lambar. Zafin kuwa sai sikanar da aka yi domin shi. Wannan ne mutane ke mantawa. Idan ba za ka sayi irin wannan sikana ka ajiye a gida ba, kuma likitanka ba shi da ita, to ƙarin kuɗin da ka biya ba shi da amfani, gara ka sa ta yau da kullum.

Mataki na biyu: idan akwai tafiya a gaba, ƙwaya kafin allurar haukan kare

Wannan shi ne inda ƙanwata ta faɗa. Mijinta ya samu aiki a Jamus, za ta bi shi da yara, ta kuma ce ba za ta bar kyanwar da suka raina ba. Ta kai ta wani asibiti aka yi mata allurar rigakafin haukan kare, aka ce ƙwayar ta ƙare, ta dawo bayan mako biyu. Ta dawo aka dasa. Babu wanda ya ce mata komai. Sai da aka zo haɗa takardu ta kira ni da muryar kuka: "Yaya, wai sun ce allurar ba ta ƙirgu, sai an sake tun daga farko."

Gaskiya suka faɗa. A dokar Tarayyar Turai, dole a dasa ƙwayar kafin allurar ko a rana ɗaya da ita, domin lambar ce ke tabbatar da cewa dabbar da aka yi wa allurar ita ce wannan da ke gabansu. Allurar da ta riga ƙwaya kamar ba a yi ta ba ce. Ga dabbar da za ta fito daga ƙasa irin Najeriya, jerin abubuwan shi ne: a dasa ƙwaya, a yi allurar haukan kare bayan dabbar ta kai mako 12, a jira aƙalla kwana 30, a ɗebi jini a aika ɗakin gwajin da suka amince da shi da lambar ƙwayar a jikin kwalbar, sakamakon, wato ƙarfin garkuwar da allurar ta samar a jiki, ya kai aƙalla 0.5 IU a kowane mililita ɗaya na ruwan jini, sannan a ƙirga wata 3 daga ranar ɗibar jinin. Ƙanwata ta tafi, kyanwar ta yi wata huɗu da 'yan kwanaki a gidana kafin ta bi su.

Amurka ma tun 1 ga Agustan 2024 hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar, wato CDC, ta ce duk karen da zai shiga sai ya kai wata 6 kuma yana da ƙwaya, ga waɗanda suka fito daga ƙasashen da haukan kare ya yi yawa, cikinsu har da Najeriya, akwai ƙarin sharuɗɗa, kuma nan ma ƙwaya ce ke gaba da allura. Dokokin nan suna canzawa, don haka ka duba shafin hukumar ƙasar da za ka je tun wata shida kafin tafiya, ka kuma tuntuɓi hukumar NAQS mai kula da shige da ficen dabbobi da tsirrai a Najeriya.

Mataki na uku: ranar dasawa

Likitan dabbobi mai rajista ne zai yi, ba mai sayar da karnuka a bakin titi ba, ba kuma kai ba. Allurar tana da kauri, kuma wurin da ake sa ta yana saman ƙashin baya. An samu 'yan kyanwa da 'yan kwikwiyo da aka soka musu ita da zurfi har ta taɓa lakar baya suka shanye. Abu ne da ba ya yawan faruwa a hannun wanda ya iya, amma ba wurin koyo ba ne. Idan babu likitan da ka amince da shi a kusa, asibitocin koyarwa na likitancin dabbobi a jami'o'in Zariya, Sakkwato da Maiduguri wurare ne da za ka fara tambaya.

Ga abin da ya kamata idonka ya gani, bi da bi. Likita zai fara goga sikana a duk jikin dabbar don ya tabbatar babu wata ƙwaya tun da can, musamman idan sayen ta ka yi daga wanda ya shigo da ita daga waje. Sannan ya goga sikanar a kan allurar tana cikin ledarta, lambar da ta fito ta yi daidai da ta sitika. Idan bai yi ba, ka ce, "Likita, don Allah a gwada ta tukuna mu ga lambar." Babu likitan kirki da zai ji haushin wannan.

Daga nan sai a riƙe dabbar tana tsaye ko kwance a kan ƙirji. Ga kare da kyanwa, wurin da aka fi amfani da shi shi ne tsakiyar baya, tsakanin allunan kafaɗa biyu. A yawancin ƙasashen Turai kuwa gefen hagu na wuya suke sa wa. Likita zai kama fatar ya ɗaga ta kamar tanti, ya shigar da allurar a kwance, ya danna har ƙarshe, ya matse fatar da yatsu yayin da yake zarewa don kada ƙwayar ta biyo allurar ta fito. Nawa karen, Zaki, ya ɗan yi ƙara sau ɗaya, ya waiwayo, shi ke nan. Ba a buƙatar allurar barci. Idan dai an riga an shirya yi wa dabbar fiɗiya, to a haɗa a yi tana barcin, ya fi sauƙi.

Kafin ka tashi, a sake goga sikana a jikin dabbar ka ga lambar da idonka. Ka kuma shafa gashin wurin, domin takan maƙale a gashi a ɗauka ta shiga. A manna sitika ɗaya a katin rigakafi, likita ya rubuta ranar dasawa da wurin da aka sa, ya sa hannu da hatimi.

Doki ba a ƙarƙashin fata ake sa masa ba. Ana sa ta ne a cikin jijiyar wuya ta ƙarƙashin geza, a gefen hagu, tsaka-tsaki tsakanin kunne da doron kafaɗa. Masu dawakin folo da na hawan sallah, waɗanda dokinsu ke sauya hannu da kuɗi masu yawa, su ne ma suka fi kowa buƙatar ta a ganina, domin kama da tabo suna iya jawo gardama, lamba kuwa ba ta ja. Aku kuma a naman ƙirji na hagu ake sa masa, wannan sai likitan da ya saba da tsuntsaye.

Bayan an koma gida, ka bar dabbar ta huta kwana ɗaya, babu guje-guje, babu wanka, kada yara su riƙa murza wurin suna neman ƙwayar. A cikin 'yan kwanaki nama zai kama ta. Ɗigon jini ko ɗan kumburi na kwana ɗaya zuwa biyu ba komai ba ne. Kumburin da ke ƙaruwa, ko mugunya, ko kuma wani ƙulli da ya fito a wurin ko da bayan shekaru ne, a koma wa likita. An taɓa samun ƙari a wurin dasawa, amma idan aka kwatanta da miliyoyin dabbobin da ke ɗauke da ita, abin kaɗan ne ƙwarai.

Mataki na huɗu: rajista

A binciken Amurkan nan da na ambata, babban abin da ya hana a samu masu dabbobin da ke da ƙwaya shi ne lambar waya da ba daidai ba ko wadda ta daina aiki. Ka tuna sau nawa ka sauya layi a shekara goma da suka wuce.

Kada ka ɗauka likita ya yi maka rajista. Ka tambaye shi wane rumbun bayanai ne ya dace da wannan ƙwaya, ka shiga da kanka a ranar, ka sa lambar waya biyu, taka da ta wani ɗan'uwa da ba ya sauya layi, da adireshin imel. Bayan 'yan kwanaki ka gwada neman lambar kamar kai ne ka tsinci dabbar. A Amurka ƙungiyar asibitocin dabbobi ta AAHA tana da shafin da ke nuna rumbun da lamba take, a Turai akwai Europetnet. Kamfanonin rajistar ma suna iya rufewa. A farkon 2025 wani mai suna Save This Life ya daina aiki a Amurka, masu dabbobi suka koma neman wani wurin da za su sake rajista. Ƙwayoyin da ke jikin dabbobin ba su lalace ba, littafin ne ya ɓace.

Saboda haka ka yi naka littafin. Ka ɗauki hoton katin da sitikar ke jiki, da hoton dabbar tare da kai, da hoton fuskar sikana tana nuna lambar a jikinta. Ka ajiye a imel, ka kuma buga a takarda. Ranar da za ka tsaya gaban mai unguwa ko 'yan sanda kana cewa karen nan naka ne, wannan katin mai hatimin likita da kwanan wata, tare da sikanar da za ta fito da lamba iri ɗaya, su ne za su yi maka magana.

Mataki na biyar: karanta zafin jiki

Nan ne aka fi samun kuskure, don haka zan daɗe a kai.

Zafin jikin lafiyayyen kare ko kyanwa, idan aka auna ta dubura, yana tsakanin digiri 38 zuwa 39.2 a ma'aunin Salshiyas. Na doki ya ɗan yi ƙasa, kamar 37.5 zuwa 38.5. Amma ƙwayar ba a cikin ciki take ba, a ƙarƙashin fata take, tana auna zafin naman da ke kewaye da ita ne. Sau da yawa lambarta tana ɗan yin ƙasa da ta dubura, kuma yanayi yana taɓa ta. Na gwada wannan da kaina a watan Afrilu: Zaki ya taso daga kwanciya a rana, sikana ta nuna 39.6, na ɗaure shi a inuwar darbejiya na ba shi ruwa, bayan rabin awa ta nuna 38.4. Da asubar hunturu kuma na sha ganin ta sauka ƙasa da 37.5 alhali lafiyarsa ƙalau. Ƙwayoyin nan an yi su ne su karanta daga digiri 33 zuwa 43. Ba sa ajiye tarihi, abin da ke nan a daidai lokacin da ka goga sikana shi za su ba ka.

To ina amfaninta? Amfanin yana cikin yawan aunawa ba tare da an wahalar da dabba ba. Duk wanda ya taɓa ƙoƙarin sa wa kyanwa ma'auni a dubura ya san yaƙushin da ake sha, kuma kokawar kanta tana ɗaga zafin jikin. Da ƙwaya kuwa, tana kwance a cinyarka za ka goga ka gani. Abin da kake nema shi ne ka san lambar da taka dabbar ta saba bayarwa, yadda ranar da ta kauce za ka gane.

Ga yadda na yi. Na bari sai da aka yi kamar mako biyu da dasawa, wurin ya warke sarai. Sannan na samu ƙaramin littafi na ja layuka: kwanan wata, lokaci, lambar da ta fito, da abin da karen yake yi kafin a auna. Kullum sau biyu, bayan sallar asuba da kuma bayan isha'i, a wuri ɗaya, a inuwa, bayan ya huta aƙalla minti 20. Ba bayan cin abinci ba, ba bayan wanka ba, ba bayan ya gama haushin baƙo ba. Kowane lokaci ina gogawa sau uku in rubuta ta tsakiya. A cikin waɗannan kwanaki, sau uku ko huɗu na haɗa da aunawa ta dubura a lokaci guda, domin in san tazarar da ke tsakaninsu a jikinsa shi kaɗai. Bayan mako biyu na san cewa Zaki da safe yana tsakanin 37.9 da 38.3, da dare kuma ya ɗan ɗara haka. Idan yanayi ya juya, daga hunturu zuwa bazara ko daga bazara zuwa damina, sai in sake yin mako guda, domin lambobin suna motsawa.

Wata safiya a damina na goga na ga 39.3. Na sake, 39.4. Yana tsaye yana kaɗa wutsiya, abincinsa ne kawai ya rage kaɗan a kwano. Da ban san lambarsa ta kullum ba, da na ce ai bai wani wuce ƙa'ida ba. Amma ya haura abin da ya saba da fiye da digiri ɗaya, da sassafe, a inuwa. Na ɗauko ma'aunin dubura ya nuna 40.1. Likita ya ɗaga leɓensa ya ga dasashi ya fara fari, ya ɗebi jini ya duba, ciwon da kaska ke sa wa ne. Aka fara magani a ranar, kafin jini ya ƙare masa. Duk mai kare a ƙasar nan ya san yadda ciwon kaska ke kayar da kare cikin 'yan kwanaki, kuma zazzaɓi yakan riga sauran alamun bayyana.

Ƙa'idar da nake bi tun daga lokacin ita ce: idan ƙwayar ta nuna ƙarin kusan digiri ɗaya a kan abin da aka saba, a mayar da dabbar inuwa, a jira minti 20 zuwa 30, a sake. Idan bai sauka ba, a tabbatar ta dubura. Ma'aunin zafi na lantarki da ake sayarwa a kemis ya isa, a keɓe shi na dabba kaɗai. A shafa masa man basilin, wani ya riƙe kan dabbar, a ɗaga wutsiya a shigar a hankali kamar santimita 2 zuwa 3, a jira ya yi ƙara. Daga 39.5 zuwa sama a kira likita. Daga 41 kuwa gaggawa ce.

Akwai lokacin da bai kamata ka tsaya sauraron ƙwayar ba sam. Dabbar da ta galabaita, ko ta zubar da jini, ko gudawa da amai suka tsotse ta, jikinta yana janye jini daga fata zuwa ciki, sai ƙwayar ta ba ka lamba mai kwantar da hankali alhali abin ya yi nisa. Idan idonka ya ce dabbar ba ta da lafiya, idonka za ka bi. Haka karen da zafin bazara ya buge, yana haki, miyau na zuba, yana tangaɗi: kada ka ɓata lokaci neman sikana. Ka kai shi inuwa, ka riƙa kwara masa ruwa mai sanyi a jiki, a yi masa fifita, sannan a nufi asibiti. Kuma ko da wasa kada ka ba kyanwa farasitamol don ka ga zazzaɓi, guba ce a wurinta, ƙwaya ɗaya tana iya kashe ta. Ibuprofen ma yana lalata wa kare ciki da ƙoda.

Masu kiwon karnuka suna da wani ƙarin amfani. Karya mai ciki zafin jikinta yakan sauka da kamar digiri ɗaya a cikin awa 24 kafin naƙuda. A makon ƙarshe ana aunawa sau uku ko fiye a rana, kuma yin hakan ta dubura yana takura mata. Da ƙwaya za ka iya bibiya cikin sauƙi, in ka ga ta sauka ka tabbatar da ma'auni. Mai dawaki da yawa a barga kuwa yana iya zagayawa da sikana kowace safiya, ya ware wanda ya yi zafi kafin ya shafa wa sauran.

Mataki na shida: dubawa duk shekara

Duk lokacin da ka kai dabbar rigakafin shekara, ka ce a goga mata sikana, ka kuma buɗe rajistarka ka ga lambar wayar da ke ciki har yanzu taka ce. Idan ka sayar da dabbar ko ka kyautar, ka mayar da rajistar sunan sabon mai ita, ka ba shi katin. Idan kai ne mai saye, kada ka biya sai an goga ka ga lambar ta yi daidai da ta takarda.

Wani lokaci sikana ba za ta ga komai ba. Kada a yanke hukunci da wuri. Ƙwaya takan yi tafiya a ƙarƙashin fata, ta gangaro gefen kafaɗa, ko ƙirji, ko ma gwiwar ƙafar gaba. A cire abin wuya mai ƙarfe, a sauke dabbar daga teburin ƙarfe, a nisanci kwamfuta, a tabbatar batirin sikanar yana da ƙarfi. Sannan a fara daga tsakanin kafaɗu, sikanar tana taɓa gashi, ana tafiya a hankali ana karkacewa hagu da dama har gindin wutsiya, a koma wuya, gefe biyu, ƙirji da ƙafafun gaba, a juya sikanar a sake. Idan an same ta a wani sabon wuri, likita ya rubuta a kati. Idan mai auna zafi ce kuma, to tsohon littafinka ya tashi aiki, domin zafin gwiwa ba ɗaya yake da na tsakanin kafaɗu ba, sai ka sake yin mako biyun nan.

Idan an gwada sikana biyu daban-daban babu labari, hoton ƙashi zai nuna ko tana nan ta mutu ko kuwa tun farko ta fita. Ba a yin tiyata don a ciro matacciya, ana dasa sabuwa ne a rubuta lambobin biyu a kati da kwanan wata. Ga mai shirin tafiya, ka tambayi hukumar ƙasar da za ka je kafin a dasa sabuwar, domin duk allura da gwajin jinin da aka yi a baya a kan tsohuwar lambar aka rubuta su.